Addu'ar da Ba Ta Haye Ruwa

Kwana uku ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa kafin naƙuda ta kama Lorena. A safiyar kwana na huɗu, lokacin da jaririn ya faɗo yana tsala ihu, babu abin da ya rage tsakanin gidan Elmire Prejean da gari sai ruwa. Wayar tarho ta mutu. Gadar katakon da ke kan rafin Cendre ta bi ruwa tun jiya da tsakar rana, mutane na tsaye suna kallonta tana juyi kamar tsohuwa a filin rawa.

Tante Azéma ce ta karɓi haihuwar, ungozomar da rabin mutanen yankin suka faɗo a hannunta, har da ita Elmire ɗin. Ta yanke cibi, ta goge yaron, ta miƙa wa kakarsa Elmire, uwar Lorena. Mabiyiya ta fito. Amma jini bai tsaya ba. Tsohuwar ta danna marar Lorena tana murzawa, ta sa aka ɗora ƙafafun gadon a kan tubali, ta sa yaron a nono. Aka canza zanen gado na biyu, aka canza na uku. Lorena da ɗazu take zazzaga wa mijinta zagi da dukan ƙarfinta, yanzu ta koma cewa sanyi take ji, a tsakiyar watan Mayu.

Mijin, Dale, mutumin Texas ne, aikin haƙar mai ya kawo shi. Kamar duk wanda bakinsa bai san komai ba sai Turanci, Ba'amirke muke ce masa, ko da yake tuta ɗaya ce a kanmu da shi. Ya ari jirgi mai inji wurin maƙwabci ya tafi neman likita. In injin bai mutu ba, in ya sami likitan, in kuma likitan ya yarda ya shiga ruwa, to sai da yamma su iso.

Tante Azéma ta dubi agogon bango, ta dubi zanen gadon. Ba ta ko rage murya ba, don ta san Lorena ba ta jin Faransanci, uwarta ba ta bari ta koya ba.

"Ba za ta kai yamma ba. Je ki ɗauko ubanki."

Elmire ta amsa da Turanci, yadda ta saba amsa wa kowa fiye da shekara arba'in, ta ce yarinyar likita take buƙata, ba raɗa a kunne ba.

"To ki haifo mana likita, Malama, tunda ke ce kika yi karatu. Ni dai iyakar abin da na iya ke nan."

Théogène Sonnier, mahaifin Elmire, mai magani da addu'a ne, kuma tsai da jini ne fanninsa. Wanda gatari ya sara, yaro mai haɓo, saniyar da waya ta yanka, duk wurinsa ake zuwa. Ya yi alamar gicciye, ya dafa wurin, ya motsa leɓe ba wanda ke jin abin da yake faɗa. Ba a biyansa, kuma ba a gode masa, don godiya tana warware maganin. Addu'ar kuma ba ta haye ruwa mai gudu. Daga barandar Elmire ana hango rufin gidansa, amma rafi na tsakani, saboda haka tamkar yana wata duniya ne. Shekara ashirin da shida Elmire na koya wa yara a aji cewa duk wannan camfi ne.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta tuɓe takalmanta, ta jawo kwalekwalen marigayi mijinta daga ƙarƙashin gida, ta durƙusa a ciki, ta tura.

Rafin da a ranakun lafiya sai ka jefa ganye kafin ka san inda ya nufa, yau ya zama kogi ja mai kumfa. Shingen gona ya nutse, kawunan ginshiƙai kawai ke leƙowa, tururuwa sun dunƙule a kan kowanne. Rabonta da riƙe filafili tun tana budurwa, amma hannu bai manta ba. Abin da ya dame ta shi ne gwiwoyinta. Duk lokacin da ta durƙusa a kan abu mai tauri, sai ta ji masara.

Tana da shekara bakwai aka kai ta makaranta, ba ta san ko kalma ɗaya ta Turanci ba. Ranar farko fitsari ya matse ta, ta roƙi izinin fita da harshen da ta sani, malamar ta watsa busasshiyar masara a ƙasa ta sa ta durƙusa a kai. Nan ta jiƙa rigarta a gaban aji. A kan hanyar gida ta rantse ba za a sake jin wannan harshe a bakinta ba, kuma ta cika alkawari fiye da yadda hankali zai so. Ta yi karatu, ta zama malama, ta sami nata ajin. A cikin aljihun teburinta akwai gwangwanin masara.

An koya mata, ita ma ta koyar, cewa Faransancinmu lalatacce ne, wai jahilci da zafin fadama ne suka narkar da shi. Masu faɗin haka ba su taɓa tsayawa suka tambayi harshen daga ina ya fito ba. Kakanninmu sun bar Faransa da maganar ƙauyukansu tun kafin a zauna a Paris a yanke wa kowa yadda zai buɗe baki. Suka zauna a Acadie, can arewa a ƙasar sanyi, fiye da shekara ɗari, har Turawan Ingila suka zo suka ƙone gidaje suka loda su a jiragen ruwa, uwa a wannan jirgi, ɗa a wancan. Waɗanda suka rayu suka yi ta yawo a tashoshin ruwa har suka tsinci kansu a wannan fadama. Ba su zo da littafi ba, ba su zo da kujera ba, baki kawai suka zo da shi. A nan ya ɗebi sunayen rafi da namun daji daga mutanen da muka tarar, ya ɗebi sunan miyar kuɓewa daga bayin da aka kawo daga Afirka, ya ɗebi na Sifaniyawa kaɗan. Har yau in za mu ɗaure saniya, da kalmar ɗaure jirgi muke ɗaure ta. Turancin da muka koya daga baya kuwa a kan wannan tsohon harshe ya kwanta, shi ya sa yake da tudu da kwari, Amirkawa ke dariya. Elmire ta goge nata Turancin har ya yi santsi. A kwaleji kuma ta koyi Faransancin littafi, na Paris, wanda ba a duka a kansa.

Ruwa ya kai ƙugu a ɗakin ƙasa na gidan mahaifinta. Ta ɗaure kwalekwalen a jikin matakalar baranda ta hau ɗakin sama, inda samari ke kwana a da. Tsohon na zaune a kan katifa, jingine da bango, da butar kofi a gefensa da kaji huɗu a cikin kwando. Shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ɗansa Ulysse ne ya goyo shi zuwa sama da sassafe, sannan ya tafi kora shanu zuwa tudu.

"Lallai ruwa ya yi yawa, tunda har ya kawo mini Malama. Ko kin zo duba ko kajin nan suna Turanci?"

Ta gaya masa abin da ke faruwa, da Turanci, a hankali, tana nuni da hannu, don nasa Turancin bai wuce na sayar da shinkafa ba. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya tambaya tun yaushe, zane nawa, ko leɓenta ya yi fari. Da ta amsa, ya ce ta kama shi su tafi.

Suka gwada. Ta zura kafaɗarta ƙarƙashin hammatarsa, ta ja. Théogène mutum ne da ya yi shekara hamsin yana bin garma, ciwo bai rage masa ƙashi ba. Suka kai bakin matakala, ƙafarsa matacciya ta maƙale, suka zube tare, saura ƙiris su gangara cikin ruwa. Ta sake gwadawa. Ko da ta sauko da shi, ta san kwalekwalen siriri ne, atishawa ma na kifar da shi, balle mutumin da ba ya iya zama shi kaɗai. Ta zauna a ƙasa tana haki. Ta tagar nan tana hango gidanta, da zanen gadon da Tante Azéma ta shanya a baranda, ja har gefe.

Ta roƙe shi ya yi addu'ar daga nan, ya fuskanci tagar ya yi. Ya ce da tana hayewa da bai jira ta roƙa ba.

"Ba ta haye ruwa da ƙafarta, 'yata. Amma in tana cikin bakin mutum, mutum na hayewa."

Elmire ta san me yake nufi, don ba yau ya fara ba. Addu'ar daga namiji zuwa mace take tafiya, daga mace zuwa namiji. Shi daga kakarsa Osite ya karɓa, ita daga kawunta, kawun daga wata mata da ta mutu a cikin jirgi, ba wanda ya riƙe sunanta. Ulysse ba zai iya karɓa daga gare shi ba. 'Ya mace ɗaya gare shi. Sau uku yana yi mata tayi, sau uku tana cewa ya bar wannan magana. Kuma duk wanda ya bayar, ya bayar ke nan, ba ta sake yi masa aiki.

Ta laluba aljihun rigarta ta fito da guntun fensir, ta waiga tana neman takarda. Da hannunsa mai lafiya ya make fensirin, ya gangara matakala ya faɗa ruwa. Ya ce ba a rubutawa. Da a takarda take, da ta ƙone tare da gidajen Acadie.

Ya jawo kanta kusa da bakinsa, ya raɗa mata. Gajeriya ce, ba ta kai a sha kofi ba. Ta gane kowace kalma. Ta maimaita masa yadda aka koya mata a kwaleji, leɓe a tsuke, kowane harafi a mazauninsa.

Ya girgiza kai. Ta sake. Ya sake girgiza kai.

"Wannan matar gwamna ce ke magana. Ban san ta ba, ban ba ta komai ba."

Ta ce ai kalmomin ne dai, ko Allah ba ya jin na Paris?

"Allah na jin kowa, har da Amirkawa. Ni ne ban iya ba da abin da ba a ba ni ba. Yadda Osite ta sa mini a kunne, haka zan ji shi ya fito daga bakinki, in ba haka ba ban san me kika ɗauka ba."

Ta gwada na uku, ta gwada na huɗu. Harshenta ya ƙi. Duk sanda ya nufi inda tsohon ke so, sai wani abu ya riƙe shi, kamar dokin da aka taɓa duka a bakin gada. Ta gwada kwaikwayonsa, abin ya fito kamar yadda yaran gari ke kwaikwayon mutanen fadama don dariya, ita kanta ta ji kunya. Ruwa ya hau mataki ɗaya tun zuwanta. A hayin rafi Tante Azéma ta fito baranda, ta shanya wani zanen, ta tsaya ta kare ido da hannu tana duban wajensu.

Tsohon ya ce ta sake. Ya ƙara da cewa ko sai ya aika a kawo masara ta durƙusa, tunda ya ji an ce haka take koyar da nata ɗaliban.

Nan abin ya ɓalle. Ta miƙe a kansa, ta ce masa tsohon alfadari mai taurin kai, jikarsa na can jininta na ƙarewa shi yana nan yana wasa da mutane. Ta ce ina yake ranar da ta dawo gida da jiƙaƙƙiyar riga da gwiwoyi duk rami? Me ya yi? Ya ce ta yi haƙuri, ya ce Amirkawa ne ke da makaranta, ya koma gonarsa. Da dukan addu'o'insa bai iya taka ƙafa zuwa makarantar ya ce uffan ba, don yana jin kunyar bakinsa, shi ma yana jin kunyarsa, kada ya yi mata ƙarya. Ta faɗi wannan da wasu da ba a maimaitawa, kajin suna ta kyarkyara a kwando.

Sai da ta tsaya jan numfashi ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ba Turanci ba ne, ba kuma na kwaleji ba. Harshen mahaifiyarta ne sak, mai faɗi, mai karkarwa a kan harshe, wanda ake kiran aladu da shi, ake kuma rarrashin jariri.

Idon tsohon ya cika da ƙwalla, amma bai tsaya a kan zagin ba.

"Gaskiya kika faɗa, ban je ba. Yanzu kada ki rufe wannan bakin. Da shi za ki faɗa."

Ta sunkuya ta raɗa masa a kunne. Ya sa ta sake sau uku. A na ukun ya yi mata alamar gicciye a goshi da babban yatsa, ya jingina da bango, sai ta ga ya ƙanƙance, kamar buhun da aka juye. Ya tambaya abin da aka haifa. Ta ce namiji.

"To kin ga wanda za ki ba. Sai ki san yadda za ki yi ya ji abin da kike faɗa."

Ta buɗe baki, ya ɗaga yatsa da sauri.

"Kul. Malama guda, ba ki san ba a godiya ba? Tafi."

Ta dubi ruwan da ke matakala, saura mataki biyar. Ta ce za ta turo Dale da jirgi. Ya ce ta tafi, shi da kajin sun riga sun shirya wanda zai fara cin wani.

Komowar ta fi zuwan wuya, don ruwan ya ƙara ƙarfi. Ta riƙa juya addu'ar a cikin bakinta ba sauti, tana tsoron ta tsaya kada wata kalma ta zube, tana tsoron ta yi tunani da Turanci kada ya rufe ta. A tsakiyar rafin wata matacciyar saniya ta taho ƙafafu sama, ta bugi gindin kwalekwalen ya juya. Ruwa ya shigo har cinya. Elmire ta kwanta a kan filafilin da dukan nauyinta, ba ta yi ihu ba, ba ta kira sunan kowane waliyyi ba, don bakinta na ɗauke da kaya. Ruwan ya kai ta can ƙasa da gidan, ta kama reshen itace, ta sauka ta ratsa gonar shinkafa ruwa iya ƙirji.

Lorena ta daina cewa sanyi. Idonta a buɗe amma ba ya bin kowa. Tante Azéma ta gaji, duk da haka ba ta daina murzawa ba. Ta dubi bayan Elmire ba ta ga tsohon ba, fuskarta ta faɗi. Sai Elmire ta ce mata ta matsa kaɗan amma kada ta ɗage hannu. Ungozomar ta ji da wane harshe aka yi mata magana. Ta matsa.

Elmire ta durƙusa a kan katakon ɗakin, ta yi alamar gicciye, ta dafa marar 'yarta, ta motsa leɓe. Sau uku, ta dakata, sau uku kuma, yadda ta sha gani tana yarinya. Ba ta san ko ta yarda da abin da take yi ba. Ta dai san ba ta da wani abin. Suka sa sabon zane, suka zuba masa ido, su biyu. Jan ya bazu kamar faɗin tafin hannu. Ya ƙara kaɗan. Agogo na ta bugawa. Elmire ta sake farawa daga farko, muryarta ta soma fita ba da saninta ba, Tante Azéma ta zungure ta da gwiwar hannu ta mayar da ita ciki.

Bayan rabin awa, jan yana nan inda yake.

Likitan da Dale ya kawo da yamma ya duba, ya yi allura, ya ce murzar ungozoma da tsotson jariri ne suka sa mahaifa ta tsuke, haka takan yi wani lokaci. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne, mutum ne da ya san aikinsa. Ya kuma ce da an ƙara awa ɗaya a yadda ake, da ba shi za a kira ba, fadan coci za a kira. Bai bayyana dalilin da ya sa murzar da aka yi tun safe ba ta yi aiki ba sai a lokacin, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Lorena ta motsa leɓe, Elmire ta kai kunne. Yarinyar ta ce ta ji wata mata na magana a kanta, muryar kamar ta Mama amma ba ita ba. Elmire ta ce ta yi barci.

Dale ya ji labarin daga bakin Tante Azéma, rabi da Turanci rabi da hannu. Ya nufo surukarsa da hularsa a hannu, ƙaton mutum yana kuka kamar yaro, ya kama hannuwanta biyu ya buɗe baki zai yi godiya. Elmire ta fizge hannu ɗaya ta toshe masa baki da tafinta, da ƙarfi har haƙoransa suka yi ƙara.

"Kada ka kuskura. Haɗiye ta." Ta faɗa da Turanci, amma Turancin ya fito da tudu da kwarinsa, har likitan ya ɗago kai. "Koma jirginka. Akwai tsoho da kaji huɗu a hayi, saura mataki biyar ɗazu, ban san ko nawa ya rage yanzu ba."

Ya fita da gudu. Ta ɗauki jaririn ta tsaya a baranda tsakanin zannuwan, tana kallon jirgin na faɗa da ruwa, rufin gidan mahaifinta na can ya yi ƙasa fiye da yadda ta bar shi. Yaron ya soma kuka. Ta sa bakinta a kunnensa ta gaya masa ya yi shiru, ya duba can, an tafi ɗauko kakan uwarsa. Ba da Turanci ta faɗa ba.